Ziyarar Gona da Dashen Itace a Matsayin Hanyar Koyar da Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa fita duba ɗalibai a lokacin gwajin koyarwa ya san irin insha'in da akan samu idan aka ce wa 'yan aji su rubuta labarin ranar da suka je gona. Yara arba'in za su kawo takarda arba'in, amma labarin ɗaya ne: mun tashi da safe, mun je gona, mun ga shuka ta yi kyau, mun yi murna, mun dawo gida. Ba za a faɗi wace shuka ce ba, balle a ambaci aikin da aka tarar ana yi ko kayan da ake yin sa da su. Abin da ya fi ban takaici shi ne da yawa daga cikin yaran nan 'ya'yan manoma ne. Kalmomin suna nan a bakin iyayensu, wasu ma suna bakinsu, sai dai ba a taɓa nuna musu cewa irin waɗannan kalmomi suna da gurbi a cikin littafin makaranta ba.

A wannan darasi za a ɗauki wata ziyara ta kwana biyu da na kai iyalina gonar gidanmu a ƙasar Mashi, a dubi abin da malamin Hausa zai iya tsinta a cikinta na ma'ana da nahawu da karin harshe, sannan a ga yadda zai mayar da shi aikin aji. Ana son ɗalibi ya riƙa karantawa yana tuna gonar garinsu, domin can ne zai samo nasa misalan.

1.1 Yadda Ziyarar Ta Kasance

Mashi tana kan hanyar Katsina zuwa Daura, kusan tsakiyar tafiyar, kuma ƙaramar hukumar ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa. Ƙasar jigawa ce galibi, damina kuwa ba ta cika wuce wata huɗu ba. Don haka gero da wake da gyaɗa da riɗi da dawa su ne abin nomawa.

Mun isa da hantsin wata Asabar ta watan Yuli, lokacin ruwa ya zauna. Mun tarar da yayana, wanda gandun gidan yake hannunsa, ya gama noman firi, yana shirin maimai. Muna shiga gonar sai autana, ɗan shekara tara, ya nuna gero ya ce, "Baffa, masararka ta yi kyau." Yayan nawa ya dube ni, bai dubi yaron ba, ya ce, "Malam, kai da aka ce kana koyar da Hausa, ɗanka bai san hatsi ba?" Ban sami amsa ba. Ranar nan ya zaga da yaran kunya-kunya. Ya nuna musu bambancin ganyen gero da na dawa, ya ba su hauya suka gwada, ya nuna musu sungumin da aka yi saran shuka da shi, da fakon da ke gefen gonar inda ko ciyawa ba ta fita. Da suka gaji muka zauna ƙarƙashin bedi, suna tambayar me ya sa gawon da ke tsakiyar gona ya bushe alhali ana ruwa. Ya ce musu da ransa, halinsa ke nan: yakan zubar da ganye da damina ya fitar da rani, shi ya sa manomi ba ya sare shi, tunda ba ya yi wa shuka inuwa, ganyensa kuma taki ne.

Washegari Lahadi muka yi aikin da ya kawo mu. Na zo da ɗan mangwaro mai aure a cikin leda. Aka zaɓi wuri kusa da rijiya, aka haƙa rami da dagi, zurfinsa da faɗinsa kimanin ƙafa bibbiyu. Aka ware ƙasar sama gefe guda, aka gauraya ta da ruɓaɓɓen takin dabbobi, aka mayar da ita ƙasan ramin. Aka yanke ledar a hankali don kada ƙasar da ke riƙe da saiwa ta watse, aka zaunar da shi daidai zurfin da yake a cikin ledar, gaɓar auren tana sama da ƙasa. Aka cike, aka danna, aka yi masa ɗan gurbin tara ruwa, aka ba shi ruwa, sannan aka kewaye shi da ƙaya. Wannan na ƙarshe yayana ne ya nace a kai, yana tuna mini wanda na kafa shekara uku da suka wuce ban killace ba, aka saki dabbobi bayan kaka, awaki suka cinye shi cikin yini guda.

Da muka koma gida, 'yata ta ruga wurin mahaifiyata ta ce, "Kaka, mun shuka mangwaro!" Tsohuwa ta ce, "Shukawa kuka yi, 'yar nan? To ina ƙwallon? Ni dai na ga an wuce da icce a leda. Dasawa kuka yi."

1.2 Shuka da Dasa

Gyaran da tsohuwar nan ta yi shi ne zuciyar wannan darasi. Ba ta taɓa shiga ajin nahawu ba, amma ta bambanta aikatau biyu da ɗaliban kwaleji da dama suke cakuɗawa.

Shuka ita ce sanya iri a ƙasa a wurin da ake son ya tsiro ya zauna. Ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa. Dasa kuwa ita ce ɗauko abin da ya riga ya tsiro a wani wuri, a kafa shi a inda zai girma. Akwai kuma wasu aikatau a wannan fage, kowanne da iyakarsa. Idan aka watsa iri ba tare da sara ba, an yafa shi. Idan aka sa iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari ya sauka, an yi binne. Ke nan tsiro ɗaya yana iya bin aikatau biyu a rayuwarsa: mai lambu yakan yafa irin albasa ko tumatir, ya rene shi 'yan makonni, sannan ya cire ya dasa.

Daga ina cakuɗawar ta fito? A ganina fassara tana da hannu. Kalmar da aka fi amfani da ita a Turanci takan rufe ayyukan biyu, sai mai fassarar gaggawa ya ɗauki "shuka" ya ɗora a ko'ina, har kunne ya saba da jin "gangamin shuka bishiyoyi" a wurin da aka raba wa mutane tsirrai a leda. Amma kada malami ya wuce gona da iri ya ce wa yara ba a taɓa shuka itace. Wanda ya binne ƙwallon mangwaro a bayan ɗakinsa shukawa ya yi. Giginya ma ƙwallonta ake sa wa a inda za ta zauna, domin tana jefa saiwa can ƙasa tun tana muruci, ba ta son a ɗaga ta. Abin da ke raba kalmomin biyu shi ne abin da aka sa a ƙasa: iri ne ko tsiro.

Idan aka lura da yadda Bahaushe ya faɗaɗa ma'anar kalmomin zuwa wajen gona, za a ga bambancin ya bi su. Akan ce wane ya shuka alheri, ko ya shuka tsiya, wato ya yi abin da sakamakonsa zai fito daga baya, kuma ya fito da yawa, kamar yadda ƙwaya ɗaya take ba da zangarniya. Amma akan ce an yi wa majinyaci dashen ƙoda, an dasa nakiya a hanya, mai jawabi ya dasa aya. A nan abu guda ne aka ɗauko aka kafa a wani wuri takamaimai. Ba wanda zai ce an yi shukar ƙoda, kuma ba wanda ya zauna ya kafa wannan doka. Lokacin da aikin likita ya kawo sabon abu, masu harshen sun koma gona sun ɗauko kalmar da ta dace.

Haka nan akwai abin lura a ginin kalmar. Daga dasa ake samun dashe, kamar a "lokacin dashe ya yi" ko "ya dashe su duka". Ana samun daso, kamar a "ya daso guda biyu a can", da dasu, kamar a "itacen ya dasu". Waɗannan su ne sauye-sauyen da F. W. Parsons ya tsara a 1960 cikin rukunan aikatau bakwai da ɗalibi ya riga ya karanta. Sauyawar "s" zuwa "sh" a gaban wasalin "e" ita ce ganɗantawa, irin wadda ake gani a fasa da fashe, kwanta da kwance, ciza da cije, gudu da guje. Kalmar itace kanta misali ce mai kyau: jam'inta, itatuwa, ya tona cewa "c" ɗin da ke cikin tilo asalinsa "t" ne. Yaron da ya riƙe dashe a hannunsa ba zai sha wahalar tuna wannan ƙa'ida ba kamar wanda aka rubuta masa ita a allo kawai.

1.3 Tsiro a Matsayin Mutum

Na ce mangwaron da muka dasa mai aure ne. Auta ya yi dariya da ya ji haka, ya tambayi wa ya aura. Auren itace shi ne a yanko reshe daga itacen da aka san daɗin 'ya'yansa, a haɗa shi da ƙaramin tsiro mai ƙarfin saiwa, a ɗaure har su zama ɗaya. Mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa yakan kai biyar zuwa takwas, kuma ba lalle ya gado daɗin uwarsa ba.

Dariyar yaron tana da dalili, kuma ƙofa ce ga malami. Bahaushe yana magana a kan tsiro da kalmomin da yake magana da su a kan mutum. Ana renon tsiro. Itace yana da ido inda toho yake fita, yana yin 'ya'ya. Gero yakan yi ciki kafin ya fitar da kai. Masara takan yi goyo, goyon kuma yana da gemu. Malamin da ke neman misalan mutuntarwa don darasin adon harshe ba sai ya jira ya buɗe littafin waƙa ba. Manomi yana yin ta kullum a bakin aikinsa, har ta bi jiki an daina jin ta a matsayin ado.

1.4 Jinsi, Karin Sauti da Kalmomin Aro

Sunayen itatuwa suna da daɗin koyar da jinsi, domin suna bin ƙa'idar da aka sani. Masu ƙarewa da wasalin "a" jinsin mace ne: kuka, tsamiya, kanya, magarya, aduwa, ɗorawa, giginya, goriba, gwaiba. Sauran jinsin namiji ne: mangwaro, lemo, dabino, gawo, marke, rimi, zogale. Mahaɗi shi zai tabbatar wa yaro: tsamiyar kasuwa, amma mangwaron Baffa. Sai a jefa masa togaciya daga gonar kanta. Shuka da huɗa mata ne (shukar bana, huɗar shanu), amma noma namiji ne duk da ya ƙare da "a", shi ya sa ake cewa noman rani.

Kuka kuwa ta haɗa darasi biyu. Kukar miya tana da karin sama-ƙasa, jinsinta mace. Kukan yaro yana da karin sama-sama, jinsinsa namiji. Rubutu ɗaya ne, tunda ƙa'idar rubutun yau da kullum ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali.

Ta fuskar aro, yawancin itatuwan marmari baƙi ne, sunayensu kuma sun nuna hanyar da suka biyo. Asalin mangwaro yankin Indiya ne, sunan ya shigo mana ta bakin Yarabawa. Lemo daga Larabci yake. Gwaiba da kashu 'yan asalin nahiyar Amurka ne. Gwanda ta bi wata hanya dabam: akwai gwandar daji tun da can, da baƙuwar ta zo sai aka ba ta sunan ta gida.

1.5 Karin Harshe a Cikin Aji

Mai karatu ya ga na bar kalmomin mutanen gidanmu yadda suka faɗe su: hatsi, hauya, bedi, icce. Bakano zai ce gero, fartanya, darbejiya, itace ko bishiya. Itacen nan da Katsinawa ke kira bedi, a wasu wurare dogon yaro ne, a wasu kuma maina. A arewacin ƙasar Hausa idan manomi ya ce hatsi, sau da yawa gero yake nufi kai tsaye, alhali a Daidaitacciyar Hausa kalmar ta haɗa gero da dawa da danginsu.

Na sha ganin ɗalibi mai gwajin koyarwa ya ja jan biro a kan irin waɗannan kalmomi ya rubuta "kuskure". Wannan ɓarna ce. Yaron da aka gaya wa cewa kalmar ubansa kuskure ce, gobe ba zai sake kawo wata daga gida ba, sai ya koma wa "mun ga shuka ta yi kyau", inda ya san ba za a kama shi da laifi ba. Abin da ya kamata shi ne a raba allo gida biyu, a rubuta ta gida a gefe, ta daidaitacciya a gefe, a nuna masa inda kowace take aiki. Sautin da ya saɓa wa ƙa'idar rubutu, kamar icce, a koya masa rubuta itace a jarrabawa. Kalma sukutum kamar bedi ko hauya kuwa dukiya ce ta harshen. G. P. Bargery, a ƙamusunsa na 1934 mai shafi fiye da dubu, ya tattara irin waɗannan kalmomi yana nuna yankin da ake faɗar su. Kafin shi J. M. Dalziel ya fitar da littafi a 1916 a kan sunayen tsirrai na Hausa kaɗai. Yana da kyau ɗalibi ya duba waɗannan tare da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ya ga kalmomin garinsu nawa suka shiga, nawa kuma suke jiran mai rubuta su.

1.6 Daga Gona Zuwa Aji

Mai yiwuwa wani ya ce dashen itace aikin malamin gona ne. Amma a wuri irin Mashi maganar itace ta shafi kowa. Yankin ya ɗanɗana farin 1972 zuwa 1974 da na 1984. A ƙarshen shekarun 1980 an gudanar da babban shirin dashen itatuwa a arewacin Jihar Katsina da tallafin ƙasashen Turai. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, Katsina kuma tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa. A tsallaken iyaka, a yankin Maraɗi, tun daga 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki da manoma a kan barin kututturan gona su yi toho, a rage rassan a bar 'yan kaɗan su girma. Manoman suka raɗa wa dabarar suna da harshensu, sassaben zamani, kuma an ƙiyasta ta farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Sunan nan kaɗai ya isa darasin ƙirƙirar kalma: tsohuwar kalmar gona aka ɗauko aka yi mata sabuwar riga.

Abin da ke kashe dashen makarantu kuwa sananne ne. A yi biki, a dasa hamsin, a tafi hutu, a dawo a tarar gara da awaki da rani sun raba su. Shawarata ita ce aji ɗaya, itace ɗaya, da littafi ɗaya. A raba kwanakin ban ruwa, a nemi wanda gidansu ke kusa ya riƙe lokacin hutu. Duk mako yaro guda ya rubuta jimla uku ko huɗu a kan halin da itacen yake ciki: ya kama, ya yi toho, ya yi yaushi, gara ta taɓa shi an zuba toka. Kafin shekara ta ƙare aji ya mallaki rubutun da ba a kwafo daga ko'ina ba.

Daga aiki ɗaya kuma za a iya fitar da insha'i iri biyu. A na labari yaro zai yi amfani da shuɗaɗɗen lokaci na biyu: muka haƙa rami, muka gauraya taki, muka yanke leda. A na bayanin yadda ake yin abu zai koma sigar umarni: a haƙa rami, a gauraya taki, a yanke leda. Amfanin wannan shi ne jerin aikin ba ya karɓar ruɗu. Wanda ya rubuta an ba da ruwa kafin a cike rami, 'yan ajin da kansu za su gyara masa.

Kafin fita da yara dole a sami izinin shugaban makaranta da na iyaye da na mai gona, a kuma yi la'akari da halin tsaron yankin. A zaɓi gona ta kusa, a gargaɗe su kan taka kunya da sa hannu a rami. A bar manomin ya yi bayani da bakinsa, malami ya tsaya gefe da alƙalami. Idan fita ba ta yiwu ba, a kawo gonar cikin aji: hauya, lauje, zangarniyar dawa, ɗan dashe a leda, da dattijo guda da ya yarda ya ba da rabin sa'a.

Namu mangwaron, ɗan yayana ne ya ɗauki nauyin ba shi ruwa da rani, jarka biyu sau biyu a mako. Bayan wata guda da dawowarmu na ji 'yata tana waya da kakarta, tana tambaya, "Kaka, dashen namu ya kama?"

1.7 Jinga

1. Kawo tsirrai biyar da ake shukawa, biyar da ake dasawa, da biyu da ke bin hanyoyin biyu, ka sa kowanne a cikin jimla.

2. Ziyarci wani manomi a garinku, ka tattaro keɓaɓɓun kalmomi ashirin na aikin gona. Nuna jinsi da jam'in kowace, sannan ka duba ko tana cikin ɗaya daga ƙamusoshin da aka ambata.

3. Wani yaro ɗan aji biyar ya rubuta: "Mun zamna ƙarƙashin iccen bedi muna kallon hatsi." Yi bayanin abin da za ka gyara, da abin da za ka bari, da dalilinka.

4. Tsara darasi na minti 35 ga 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a kan bambancin shuka da dasa, ka faɗi kayan koyarwar da za ka shiga da su aji.